Akwatin Ƙarfen Zauren Jakara

Sharaɗi ɗaya Alhaji Isyaku ya gindaya, kuma bai maimaita ba.

"Shekara arba'in da ɗaya ina tura kayan mutane daga zauren nan. Ba wanda ya taɓa zuwa ya juya da ɓacin rai. Ka tayar mini da ofis zuwa Dukawuya, aiki bai tsaya ba, ba wanda ya yi kuka da ni. In ka iya, ka turo magabatanka a kan Shamsiyya. In ka kasa, kada in ƙara jin sunanta a bakinka."

Hashim yana durƙushe, ya ce, "Na ji, Alhaji."

Shekara shida ke nan yana manajan ofishin. Dukawa da marina da 'yan takalma na Kurmi su kawo kaya, a auna, a ba su rasit, a tura Legas ko Yamai ko Kwatano. Aiki ya yi wa zauren yawa. Lungun Jakara ba ya ɗaukar mota, sai an yi ta jido da baro har bakin titi. Shi ya sa Alhaji ya kama sabon wuri a Dukawuya, inda babbar mota za ta tsaya a ƙofa.

Shamsiyya 'yar Alhaji ce, ita kaɗai gare shi mace. Ta gama jami'a, ita ke riƙe da kwamfuta da wayar ofis. Sau biyu Hashim yana aiko kawunsa daga ƙauyensu na wajen Sumaila, sau biyu ana ba shi ruwa a sallame shi. Ba Alhaji ne ya fi ƙi ba. Yayarsa ce, Gwaggo 'Yardada, wadda ke zaune a cikin gidan gado bayan zauren. Ɗanta Nazeer take so a ba Shamsiyya, kuma ba ta ɓoye ba.

Kwana ashirin Hashim ya yi yana tsara ƙaurar. Ya raba ma'aikata gida biyu. Ya sa aka gwada wuta da janareta da intanet a sabon wuri tun ba a kai ko kujera ba. Lambar waya ba ta canza ba. Kowane kwali ya rubuta masa lamba da abin da ke ciki. Ya bi rumfunan Kurmi da ƙafa ya sanar da masu kawo kaya, don ya san rabinsu ba sa karanta saƙon waya. Ya ce tebur ɗaya da sikeli ɗaya za su zauna a tsohon zaure har wata guda, wanda ya manta ya zo nan a karɓi kayansa. Jigilar kuma ya sa ta ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci, lokacin da kasuwa ke lafawa.

Ranar Alhamis da la'asar ya sami Shamsiyya a sabon ofis tana jona waya. Idonta ya kumbura.

"Me aka yi miki?"

"Gwaggo ta je gidanmu jiya. Ta tsaya a kan Baba ta ce in ya ba ka ni, kada ya je jana'izarta."

"Alhaji ya ce me?"

"Ya ce ya riga ya yi magana, sai ya ga ƙarshenta." Ta share ido da gefen mayafi. "Yaya Hashim, don Allah kada ka yi kuskure ko ɗaya. Ka san Baba. Ko zai mutu ba zai lashe abin da ya tofar ba. Ni shekarata ashirin da shida, na gaji da zama abin nuni a gidan biki. Kowa ya gan ni sai ya ce, ke har yanzu?"

"Ga takardar tsarin. Duba ki gani ko na bar wani abu."

Ta duba. Tebura, sikeli, kwalaye, kayan ƙarfe, janareta. Ta miƙa masa.

"Ban ga abin gyara ba. Amma gabana faɗuwa yake."

"In sha Allahu ranar Litinin kawuna yana gidanku."

Ta yi murmushi, hawaye na zuba. "Ka ce masa ya karya kafin ya zo. Ruwan gidanmu ya ishe shi haka."

Ranar Juma'a Alhaji ya tafi Gumel gaisuwar mutuwa, sai Asabar zai dawo. Gwaggo ta ja Shamsiyya gidan biki a Dala tun da hantsi, ta ce a bar waya a jaka, ba a danne-danne a gaban manya.

Aiki ya tafi yadda aka tsara. Kafin ƙarfe huɗu zaure ya zama fayau, sai tebur da sikelin da aka bari, da wani tsohon akwatin ƙarfe a kusurwa. Tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Makullinsa a wuyan Alhaji yake kwana. Hashim bai taɓa ganin cikinsa ba. Abin da ya sani, wani lokaci tsoho ko tsohuwa su yi sallama, Alhaji ya ce kowa ya fita, a ji ƙarar ƙofar ƙarfe, shi ke nan. Ya ɗauka takardun Alhaji ne da na abokansa. Bai taɓa tambaya ba, don ba a tambayar Alhaji.

Nazeer, wanda aikinsa a ofis bai wuce karɓar direbobi ba, ya jingina da bango yana sakace.

"Manaja, sef ɗin fa? Ko tsoronsa kake? Ofishin da ba sef ai rumfar mai shayi ce."

"Da shi zan rufe."

Garba, babban 'yan dakon, ya dafa akwatin ya dubi Hashim.

"Malam, Alhaji ya san da wannan?"

"Alhaji ya ce a tayar da ofis."

Garba ya buɗe baki, ya dubi Nazeer ɗan gida, ya ga bai hana ba, sai ya kira mutanensa. Hadari ya haɗo, suka lulluɓe akwatin da tamfal, mutum takwas suka ɗora shi a amalanke suka bi ta lungun baya. Ba wanda ya gane abin da ya wuce.

Asabar ƙarfe bakwai Hashim yana kan tebur a tsohon zaure. Shamsiyya za ta buɗe na Dukawuya. Kafin tara mutum goma sha huɗu sun kawo kaya, an auna, an wuce da su. Ba wanda ya jira. Hashim ya fara jin numfashinsa yana sauka.

Sai Malam Ilu baduku ya yi sallama. Tsoho ne, ya haura saba'in, sanye da farar riga ta fita unguwa.

"Isyaku ya iso? Ya ce mini goma za ta yi masa a nan."

"Yana hanya, Baba. Ku zauna."

Tsohon bai zauna ba. Idonsa na kusurwa. Babu komai a wurin sai tabon ƙafafu huɗu a daɓen ƙasa.

"Ina akwatin?"

"An kai sabon ofis, Baba. Yana can lafiya lau, a kulle."

"An kai ina?"

"Dukawuya."

Sandar Malam Ilu ta faɗi. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ka tambaya?"

"Baba, ai kayan ofis ne..."

"Kayan ofishin uwar wa? Takardar gidan ƙanena marigayi tana ciki, shekara goma sha tara. Yanzu haka 'ya'yansa suna zaure da malamin da zai raba musu gado, ni ake jira. Wasiyyar liman tana ciki. Zinaren marayun gidan Indo yana ciki. Gida talatin da uku na unguwar nan ke da ajiya a akwatin nan! Ba takarda, ba sa hannu, sai Allah da fuskar Isyaku. Amana ba ta tsallake bakin lungu sai mai ita ya yarda, ko yaron goye ya sani. Kai wane ne da za ka fitar mana da ita kamar kayan sata?"

Hashim ya miƙe tsaye.

"Wallahi ban sani ba, Baba. Minti arba'in, in ɗauko..."

Tsohon ya riga ya fita. Muryarsa ta cika lungu. "Jama'a! An fitar da akwatin Isyaku daga unguwa!"

Kafin ka ce kwabo ƙofar zaure ta cika. Maza da carbi a hannu, tsofaffin mata da hijabi a baibai. Wani ya ce dama ya ji Alhaji zai sayar da zauren. Wani ya ce ai an buɗe akwatin tun jiya. 'Yan kasuwar da suka kawo kaya suka kasa shiga, biyu suka juya da barorinsu.

Gwaggo 'Yardada ta leƙo ta ƙofar cikin gida, tana gyara ɗaurin zani, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ku yi haƙuri, bayin Allah. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Wanda ubansa ya ƙare a ɗaukar kayan mutane, ina zai san abin da ke cikin kaya? Shi dai a ce ɗauka, ya ɗauka."

Wayar Hashim ta yi ƙara. Ya matsa bayan tebur. Shamsiyya ce, kuka ya ci muryarta.

"Yaya Hashim, me akwatin Baba yake yi a nan? Yanzu na shiga ɗakin baya na gan shi. Ka ce mini mafarki nake."

"Ni na kai shi."

"Wayyo Allahna. Ka kashe mu."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Takardar tana hannunki, na rubuta kayan ƙarfe..."

"Na ɗauka sikeli kake nufi! Wa zai faɗa maka? Wa yake faɗa wa mutum kada ya ɗauke masallaci? Mu da shi muka buɗe ido, ban taɓa zaton akwai wanda bai sani ba." Ta ja numfashi. "Nazeer yana wurin?"

"A gabansa aka ɗaga."

Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa. "To sun samu. Shekara huɗu ina ce wa kowa a'a saboda kai. Na ɓata da ƙawayena, na ɓata da dangin uwata. Yanzu in ce musu me? In ce akwati ya raba mu?"

"Kada ki bar kowa ya taɓa shi. Ga ni nan."

Ya bar ma'aikaci ɗaya a kan tebur, ya ratsa taron ana zaginsa, ya nemo Garba da mutanensa. Asabar ce, gari ya cika. Motar da suka ɗauko akwatin a cikinta daga Dukawuya ta maƙale a cunkoso wajen Kabuga, ta sake maƙalewa a hanyar Goron Dutse. Da suka kai bakin lungu, ruwan jiya ya mai da ƙasa taɓo, amalanke ya ƙi tafiya. Suka zura itace biyu ƙarƙashin akwatin. Mutum bakwai ne, ɗaya bai zo ba. Hashim ya tuɓe takalmi ya sa kafaɗa.

Ana kiran sallar azahar suka sauke shi a kan tabonsa. Kafaɗar rigarsa ta jiƙe da jini.

Alhaji Isyaku yana zaune a kan buzu, ƙurar hanya ba ta bar hularsa ba. Bai dubi Hashim ba. Ya jira aka yi salla aka dawo. Sannan ya ciro makulli daga wuyansa, ya buɗe akwatin a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba.

"Kowa ya zo ya duba nasa."

Malam Ilu ne farko. Ya karɓi takarda a naɗe cikin fata, ya warware, ya duba, ya naɗe.

"Ba abin da ya taɓa ta," in ji Alhaji.

"Na gani. Amma taro ya watse tun sha ɗaya, Isyaku. Babban ɗan marigayi ya tashi a gaban malami ya ce na haɗa baki da kai mun ɓoye takardar ubansa. Ni, da furfurata. Yaron da na yanka wa ragon suna." Ya sa takardar a aljihu. "Sauran nawa ma ba ni."

"Ilu."

"Ba ni. Ba na ajiya a inda akwati ke da ƙafa."

Daga nan layi ya kama. Ba wanda ya yi faɗa, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Kowa ya karɓi nasa, ya duba, ya ce Allah ya saka da alheri, ya fita da shi. Ƙullin tsumma, gwangwanin madara, ambulan da ya yi ja don tsufa. Hashim ya durƙusa a bakin ƙofa yana ba kowane ɗaya haƙuri.

"Baba, laifina ne, ba na Alhaji ba. Inna, don girman Allah ki bar shi. Ni za a hukunta."

Wata tsohuwa ta tsaya ta dube shi. "Ɗan nan, ba mugunta ka yi ba, na sani. Amma yau ban iya haɗiye ko koko ba." Ta wuce da ƙullinta.

Kafin la'asar akwatin ya zama wayam. Ƙofarsa a buɗe, sai warin tsohuwar takarda.

Nazeer ya gyara murya. "Kawu, tunda ya zama fanko, akwai masu sayen ƙarfe a Ƙofar Ruwa..."

"Rufe mini baki." Alhaji ya juyo ga Hashim a karon farko. "Aiki ya tsaya?"

"Mutum biyu sun juya da kaya, Alhaji."

"An yi kuka da ni?"

Hashim ya sunkuyar da kai.

"To ka san sauran. Kada ka turo kowa."

Gwaggo ta ce daga bayan ƙofa, "Alhamdu lillahi. Allah ya raba mu da wahala."

A lokacin ne aka ji tsayuwar adaidaita sahu a bakin lungu. Shamsiyya ta shigo, gefen doguwar rigarta duk taɓo. Ta ratsa sauran dattawan da ba su tafi ba, ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta daina kuka. Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta ciro 'yan kunne da sarƙa na zinare, na mahaifiyarta marigayiya. Ta ƙulle su a hankici.

"Baba, ajiya na kawo."

"Tashi ki tafi gida."

"Ana korar mai kawo ajiya a zauren nan?"

Dattawan suka dubi juna. Ba a taɓa yi ba, kowa ya sani. Gemun Alhaji ya motsa.

"Ba a kora."

Ta miƙe ta sa ƙullin a tsakiyar akwatin da hannunta.

"Ke Shamsiyya!" Gwaggo ta fito har tsakar zaure, ta manta da mayafi. "Zinaren da za ki shiga ɗaki da shi? Fito da shi kafin in saɓa miki!"

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Ya riga ya zama amana. Ba mai fitar da shi sai na yarda." Ta juya ga dattawan. "Iyayena, ku shaida. A hannun Hashim na ba da. Ba zan karɓa ba sai ranar da zan sa shi a ɗakinsa. In ranar ba ta zo ba, ya zauna a nan har a binne ni. Ni dai ba mai kai ni gidan kowa da kunne a sake."

"Isyaku, kana ji? Kana zaune 'yarka tana yi maka wannan a gaban maza?"

Alhaji ya juya ga akwatin. Ya daɗe yana kallon ɗan ƙullin nan shi kaɗai a cikin akwati. Sannan ya tashi da ƙyar, ya tura ƙofar ƙarfen, ya murɗa makulli.

Bai mai da shi wuyansa ba. Ya ajiye shi a kan tebur, kusa da sikeli.

"Maganata tana nan, ban janye ba," ya ce, yana neman takalminsa da ƙafa. "Kada in ga kawunka. Amma mai ajiya ta zaɓi hannun da ta zaɓa, wannan ba ni da iko a kai. Kai ka zubar mini da unguwa, kai za ka kwaso ta. Ranar da gida talatin da uku suka dawo da kayansu da ƙafarsu, ba roƙona ba, ba don kunyata ba, ka zo ka yi mini sallama. Zan amsa."

"Alhaji, in sun ƙi fa?"

"Sai ku tsufa kuna kallon akwati."

Ya fita. Gwaggo ta bi bayansa tana kiran sunansa, Nazeer ya sulale ta ƙofar cikin gida.

Hashim ya ɗauki makullin. Ya dubi Shamsiyya, ta kau da kai don hawayen sun dawo.

"Da wa zan fara?" ya ce.

"Da wanda ya fi jin ciwo."

Ya leƙa waje. Can ƙarshen lungu Malam Ilu yana tafiya a hankali, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya dafe da aljihu. Hashim bai tsaya neman takalmi ba. Ya bi shi cikin taɓo.

"Baba Ilu! Ku tsaya in raka ku wurin 'ya'yan marigayi. Ni zan faɗa musu da bakina wanda ya ɗauke akwatin."

Tsohon bai juyo ba. Amma ya rage tafiya.